Sana'a da Mazantaka a Ƙasar Hausa: Daga Gandu zuwa Albashi

Idan Bahaushe ya ce wane namiji ne, yana nufin an jarraba shi an ga ya isa. Shi ya sa ake cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Abin tambaya shi ne, da me ake yin taunar? Wanda ya ɗauki iliminsa na tarihin Hausawa daga bakin makaɗa kaɗai zai ce da yaƙi ne, ko dambe, ko farauta, tun da yake masu waɗannan ne aka fi yi wa kirari. Amma wanda ya duba yadda jama'a suka yi zamansu na yau da kullum a ƙarni na 19 da farkon na 20 zai tarar da wani ma'auni dabam, wanda ba a cika buga masa ganga ba, watau ko mutum yana da sana'a a hannunsa, kuma ko sana'ar tana riƙe da gida. A kan wannan ma'auni ne za a yi magana a nan, da yadda aka gina shi, da abin da ya same shi.

Tun a labarun kafuwar Kano ana iya ganin waɗannan maza iri biyu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. A ɗaya gefen kuma akwai labarin baka na Abagayawa, wanda ya nuna cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, har garin ya ci sunansa. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun sami alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Giwar Barbushe dai ba wanda ya ga ƙashinta, amma kashin maƙera ya rage a ƙasa yana ba da shaida. Duk da haka yaro ɗan makaranta ya fi sanin sunan maharbin bisa ga na maƙerin.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa kayan saƙi da na rini da ake fitarwa daga Kano suna kawo aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, kuma ya bi sawunsu har Tambutu da Murzuk da Gat da Tarabulus. To, su wa ke yin wannan aiki? Mata su ne ke gurza auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare a cikin gida. Daga nan kusan dukan sauran aikin na maza ne. Namiji ne masaƙi, yana zaune a inuwa da ƙoshiya a hannu yana fitar da siririn ƙyalle fari-fari, ko da yake mata ma suna da tasu masaƙa ta tsaye mai faɗi. Namiji ne marini, yana haɗa baba da toka a karofi, yana tsoma zane yana tsamowa har hannunsa ya rine zuwa gwiwar hannu. Namiji ne mabugi, wanda ke bugun turkuɗi da shuni har ya yi ƙyalli, aikin da garin Kura ya yi suna a kai, har Buzaye ba su da rawanin da suke ƙauna kamar ɗan Kura. Sa'an nan namiji ne maɗinki. Aska biyu da aska takwas da ake gani a gaban babbar riga aikin allurar maza ne, galibi malamai da manyan almajirai, waɗanda ke zama a zaure da riga a cinya, wani lokaci wata da watanni kafin a gama guda.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan, domin ɗalibin da ya karanta littattafan Turawa yakan taso da tunanin cewa allura da zare kayan mata ne a ko'ina cikin duniya. A ƙasar Hausa ba a taɓa jin wanda ya raina dattijo don an same shi yana ɗinkin hula ba. Haka nan wanki na kuɗi sana'ar maza ce, haka gashin tsire da yin kilishi. Amma namijin da aka gani yana daka a turmi, ko yana tuƙa tuwo a tsakar gida alhali akwai mata, ya shiga bakin duniya. Ke nan rabon aiki tsakanin maza da mata bai bi nauyin aikin ba, domin daka ya fi ɗinki wuya nesa ba kusa ba. Ya bi wurin da ake yin aikin ne, da kuma inda amfaninsa yake zuwa. Abin da ake yi a zaure ko ƙofar gida ko kasuwa, don a sayar, ya fi karkata ga maza. Abin da ake yi a tsakar gida ya karkata ga mata, ko da kuwa su ma suna sayarwa ta hannun 'yan talla.

Matakan zama magidanci

Yaro namiji yakan fara barin ɗakin uwarsa ne wajen shekara bakwai, lokacin da za a yi masa kaciya. Akan tara yara sa'o'in juna a lokacin sanyi, wanzami ya zo da zabirarsa, kuma a nan ne ake fara gaya wa yaro cewa namiji ba ya kuka. Bayan ya warke sai kwanansa ya koma wajen zaure tare da sauran samari, cin abincinsa ya koma cikin maza. Da asuba da dare yana makarantar allo, da hantsi kuwa yana bayan ubansa. Idan uban maƙeri ne, aikin farko da za a ba shi shi ne zuga, ya zauna gaban zuga-zugi yana hura gawayin ƙirya har kafaɗunsa su saba. Sai an ga hankalinsa ya zauna za a bar shi ya riƙe awartaki, sa'an nan masaba, sa'an nan a ba shi ƙaramin aiki irin su kibiya ko wuƙa, kafin ya kai ga garma da gatari. Ba a yi masa bayani mai tsawo. Kallo yake yi, ya gwada, ya ɓata, a tsawata masa. Akwai kuma asirin sana'a, irin su maganin wuta na maƙera da maganin ƙarfe na wanzamai da na ruwa na masunta, wanda uba ba ya saki sai ya ga ɗa ya cancanta, wani lokaci ma sai ya ji mutuwa ta matso. Ko me mutum zai ce game da ingancin waɗannan magunguna, amfaninsu guda a fili yake: suna ɗaure ɗa a gindin ubansa.

Babbar igiyar da ke ɗaure shi kuwa ita ce gandu. Kusan kowane mai sana'a a karkara manomi ne da damina, sana'arsa ta rani ce. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gonar gida tare daga safe zuwa wajen azahar, amfanin kuma yana shiga rumbun da mabuɗinsa ke hannun maigida. Da yamma ɗa yana iya zuwa gayaunarsa, watau 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a can nasa ne. Shi kuma uba akwai abin da ke wuyansa: ya ciyar, ya ba da kayan aiki, ya biya wa ɗa haraji, ya yi masa auren fari, ya yanka ragon suna idan an yi haihuwa. Yarjejeniya ce wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san sharuɗɗanta. Saurayi yana ba da ƙarfinsa na shekaru, a biya shi da mata da matsayi. Ranar da aka ɗaura masa aure ya fita daga sahun samari. Ranar da aka raba gandu ya sami rumbun kansa, ya zama maigida, ana iya aiko masa da goron gayyata da sunansa. Wanda ya girma bai yi aure ba tuzuru ne, wanda matarsa ta fita bai sake ba gwauro ne, kuma mutanen Kano har wasa suka ƙago na tashe a watan azumi don tsokanar gwauro. Ƙarfin damtsensa ba ya fisshe shi.

Bai kamata a ɗauka cewa tsarin ya yi wa kowa daɗi ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma buga sakamakon bincikenta a 1972, ta nuna cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu hali. Uban da ba shi da isasshiyar gona ba ya iya cika nasa alkawarin, saboda haka 'ya'yansa sukan watse, su shiga ƙwadago a gonakin wasu ko su tafi cin rani. Gandun 'yan'uwa kuma, bayan uba ya rasu, ba ya cika daɗewa. Har ila yau, a ƙarni na 19 manyan gandaye na sarakuna da attajirai da ƙarfin bayi aka noma su a rinji, kuma bawa yana iya fin ubangijinsa gwanintar noma da saƙa ba tare da gwanintar ta mai da shi cikakken mutum a idon jama'a ba. Wanda ke begen zamanin da ya kamata ya fara tambayar kansa a wane gida za a haife shi.

Haka kuma sana'o'in ba daraja ɗaya gare su ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya lura da yadda mutane ke bambanta sana'ar gado da ta shigege, wadda wasu ke kira haye, kuma ya ga yadda suke jera su: sarauta a sama, sai malanta da fatauci, sai noma da sana'o'in hannu, can ƙasa kuma fawa da kiɗa da roƙo. Kowace sana'a tana da shugabanta da sarki ya naɗa, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da sauransu, mai tara harajin 'yan sana'arsa, mai raba musu gardama, mai tattaro su idan fada tana da aiki. Gwanin gaske yana iya kai wa ga ɗaukaka ta wannan hanya. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen 1834 zuwa 1846, da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizon da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo, sarautarsa kuma ta zama gado a zuriyarsa.

A nan ne ake ganin wani abin mamaki game da jaruntaka. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 a kira masa su. Ya rubuta cewa sun zo da makaɗansu da taron mahauta, kowane ɗan dambe ya naɗe hannu guda, ya fito fili yana kirari yana kamanta kansa da kura da zaki, kuma da ya ga 'yan damben sun fara fusata sai ya sa aka raba su. Watau tun a wancan zamani dambe wasan mahauta ne, mutanen da aka ajiye a ƙasan jeri. Haka 'yan tauri da mafarauta: ana jin tsoronsu, ana taruwa kallonsu, waƙoƙin Kassu Zurmi suna sa tsigar jikinsu ta tashi kamar yadda na Ɗan Anace ke zuga 'yan dambe irin su Shago, amma malami ko attajiri ba ya marmarin ba su 'yarsa. Jama'a suna sha'awar namiji mai zafin zuciya a fage, a gida kuwa wani suke so. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara halayen da Hausawa ke nema ga mutumin kirki, a wata lacca da aka buga a 1974, ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Jaruntaka ba ta cikin goman. Mutumin da ya fi kowa girma a gari shi ne wanda ba ya ɗaga murya, ba ya gudu, ba ya cin abinci a kasuwa, kuma ana cin tuwo a ƙofar gidansa. Ko a noma, inda ake yabon ƙarfi, abin da aka gani a ƙasar Maraɗi shi ne cewa wanda ya noma dami dubu ba ya cin sunan Sarkin Noma sai ya yi biki ya rabar da dukiya mai yawa.

Fatauci ne kaɗai ya haɗa abubuwan biyu. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yana yin watanni a hanya, cikin haɗarin 'yan fashi da koguna da sarakunan da ke neman fito, saboda haka madugu sai ya kasance jarumi, mai haƙuri, mai iya magana, mai riƙon amanar dukiyar mutane. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan hanya, kuma daga cikin Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito.

Abin da ƙarni na 20 ya kawo

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, amma abin da ya taɓa maƙeri da masaƙi ya biyo baya ne a kan dogo. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa. Saurayi ya gane cewa gyaɗar gayaunarsa, ko ƙwadagon rani guda a Kano ko a haƙar kuza a Jos, na iya biya masa haraji har ya tara wani abu na aure. Ranar da ɗa ya iya yi wa kansa abin da uba ke yi masa, igiyar gandu ta fara saki. Jirgin da ya kwashi gyaɗa kuma shi ne ya kawo akoko da atamfa masu araha. Tarkacen ƙarfen jirgi da na mota ya wadata, sai maƙera suka daina wahalar haƙar tama da narka ta, ilimin da aka riƙe fiye da shekara dubu ya ɓace sannu a hankali ba tare da kowa ya hana shi ba. Ƙira dai ba ta mutu ba, domin manomi bai daina bukatar fartanya ba. Rabinta ne ya tafi. Keken ɗinki ya haifi tela, mota ta kashe ayari ta haifi direba da ɗan kamasho da karen mota, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙa. Waɗannan sababbin sana'o'i sun ɗauki tsohon tsari na maigida da yaransa, har da sallama idan yaro ya ƙware, sai dai maigidan yanzu ba uba ba ne, kuma auren yaro ba ya wuyansa sai in ya ga dama.

Makarantar boko ta zo da abin da ya fi wannan zurfi, domin ta kawo wani sabon namiji, ma'aikaci, wanda ke karɓar albashi a ƙarshen wata ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ya shiga jerin daraja ta sama, kusa da masu sarauta, kuma ya tarar da tsohon ra'ayi na cewa babban mutum ba ya aikin gumi, ya ɗauke shi ya ƙara masa gishiri. Ɗan marini da ya zama akawu yakan ji nauyin a ga hannun ubansa a ofis. Lokacin da kuɗin man fetur suka yi yawa daga 1973, aka kuma buɗe shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, iyaye da yawa sun ɗauka cewa kowane yaro kujera ce ke jiransa. A daidai wannan lokaci fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa ta Kano. Masaƙun zamani sun riƙe dubban magidanta na wani lokaci. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, amma bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin gyara na 1986, da shigowar yadi mai araha daga waje, ta rufe a 2002, wasu da dama a Kaduna da Kano suka bi ta. Mutumin da ya bar masaƙar ubansa ya shiga ta kamfani ya wayi gari ba ya da ko ɗaya.

Abin lura shi ne, ma'aunin bai sauya ba ko kaɗan. Har yau idan aka je neman aure tambayar farko da waliyyi zai yi ita ce, mece ce sana'arsa? Har yau ana sa ran miji ya ciyar, ya tufatar, ya ba da wurin zama, kamar yadda shari'a ta ɗora masa. Matakalar da ake hawa a kai ga wannan matsayi ce ta karye a wurare da yawa, gonar gado ta ƙanƙance saboda rabo, takardar shaida kuma ba ta da tabbas. A cikin gidaje da dama sana'ar matar ce ke cike giɓi ba tare da an faɗa a waje ba, har ɗinkin hula da na babbar riga, wanda dā aikin malamai ne, mata sun shige shi sosai a birnin Zariya da wasu wurare tun daga shekarun 1970. Wasannin ƙarfi kuwa, waɗanda dā ake yi bayan kaka a ƙofar fada, su ne suka fi samun gata. Jamhuriyar Nijar ta mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975, inda aka fara a Tawa, ana ba zakara takobi. Dambe ya koma gidajen wasa da ake shiga da tikiti, ana ɗaukarsa a waya ana watsa wa duniya. Saurayin da ba shi da gona ba shi da albashi yana iya samun kirari a can, ko kuma, abin da ya fi muni, a cikin 'yan daba, waɗanda suka gaji wuƙa da layun 'yan tauri da mafarauta amma ba su gaji Sarkin Dawa da zai tsawata musu ba.

A 2012 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun hukumar Hisba, ta fara shirin aurar da zawarawa, aka ɗaura wa mutum 100 aure a rukunin farko. Gwamnati ce ta biya sadaki, wanda a tsarin gandu nauyin uban ango ne, ita ce kuma ta sayi kayan ɗaki, wanda nauyin iyayen amarya ne. Daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya wa mazan da suka nema akwai cewa kowanne ya nuna sana'ar da zai riƙe matar da ita.